Yadda Ake Auna Abin da Turawa Ke Faɗa Kan Kimiyya da Fasahar Ƙasar Sin

A watan Mayun 2014, Joe Biden, wanda a lokacin shi ne mataimakin shugaban Amurka, ya tsaya gaban ɗaliban da suka kammala makarantar horar da sojojin sama ta ƙasarsa, ya ƙalubalance su da su ambata masa ƙirƙira guda ɗaya tak da ta fito daga ƙasar Sin. A wannan shekarar ce kuma mujallar Harvard Business Review ta buga maƙala mai bayanin dalilan da suka sa, a ganin marubutanta, Sin ba ta iya ƙirƙirar sabon abu. Shekara 9 bayan haka, a Maris ɗin 2023, cibiyar nazari ta ASPI da ke Ostireliya ta fitar da rahoton da ya ce Sin ce ke kan gaba a fannoni 37 cikin 44 na fasahohin da duniya ke tinƙaho da su. Ƙasa ɗaya ake magana a kanta, kuma tsakanin maganganun biyu ko yaron da ya shiga firamare bai gama sakandare ba.

Wannan ya shafe mu, domin yawancin labarin da ke iso mana kan kimiyyar Sin ya biyo ta Landan ko Washington ko Bon ko Paris ne kafin ya shigo kunnenmu, ɗaya ɓangaren kuma yana zuwa daga Bejin, inda gidan rediyon Sin ke watsa shiri da Hausa tun 1963. A lokaci guda wayar da ke aljihunmu da farantin sola da ke kan rufinmu da maganin zazzaɓin cizon sauro da muke ba 'ya'yanmu duk suna da tushe a can. Abin da na lura da shi shi ne kallon da Turawa ke yi wa kimiyyar Sin yana lilo tsakanin raini da tsoro, kuma kowanne daga cikin biyun yana ɓata awo. Ga hanyar da nake bi idan irin wannan labari ya zo hannuna.

Fara da sanin tarihin kallon

Kafin ka yanke hukunci kan rahoton yau, ka san cewa lilon nan ya daɗe. A 1620 masanin Ingila Francis Bacon ya rubuta cewa abubuwa uku ne suka sauya fuskar duniya, wato ɗab'i da albarushi da allurar da ke nuna wa matuƙan jirgin ruwa arewa, ya kuma ce asalinsu a ɓoye yake. Duka ukun a Sin aka fara su. Akwai littafin da aka buga da ɗab'i a can mai ɗauke da shekarar 868, akwai littafin dabarun yaƙi na 1044 da ya jera yadda ake haɗa albarushi, kuma Shen Kuo ya bayyana allurar maganaɗisu a 1088. Takarda ma tarihin Sin yana danganta inganta ta ga Cai Lun a shekarar 105. Turai ta ci moriyar waɗannan abubuwa ƙarni bayan ƙarni ba tare da ta san inda suka fito ba.

An yi zamanin da Turawa ke kallon Sin da girmamawa. Limamin Kirista Matteo Ricci ya isa Bejin a 1601, ya haɗa kai da malami Xu Guangqi suka fassara kashi na farko na lissafin Euclid a 1607, kuma wasiƙun irin waɗannan limamai ne suka sa masana kamar Leibniz na Jamus suka riƙa yabon tsarin mulki da ɗabi'un Sinawa. Iska ta juya a ƙarshen ƙarni na 18. A 1793 jakadan Birtaniya Macartney ya je da agogo da madubin hangen taurari da bindigogi don ya burge sarki Qianlong, sarkin kuwa ya aika wa Sarki George na III amsa cewa daularsa ba ta buƙatar kayan ƙirar ƙasarsu. Shekara 50 ba ta cika ba jiragen yaƙin Birtaniya masu aiki da tururi suka murƙushe Sin a yaƙin da aka yi kan cinikin ƙwayar ofiyom daga 1839 zuwa 1842. Daga nan aka kafa hoton Sin a matsayin tsohuwar daular da ta daskare, kuma wannan hoton bai gama fita daga zukata ba har yau.

Wanda ya fi kowa girgiza shi Bature ne, Joseph Needham na Jami'ar Cambridge, wanda ya zauna a Sin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya fara fitar da babban aikinsa kan tarihin kimiyya da wayewar Sin a 1954, aikin da ya haura mujalladi 20. Amma ko shi ɗin ya bar tambayar da ta zama tarko ga waɗanda suka biyo baya: me ya sa kimiyyar zamani ta tashi a Turai ba ta tashi a Sin ba? Tambaya ce mai nauyi ga masu tarihi, sai dai marubuta da yawa sun mayar da ita hujjar cewa akwai wani abu a al'adar Sinawa da ke hana ƙirƙira. Don haka duk lokacin da ka ga rahoto yana jingina gazawa ko nasarar Sin ga ɗabi'ar mutanenta, kamar haddar karatu ko biyayya ga manya, ka gane cewa tsohuwar magana ce aka sa mata sabuwar riga, ka nemi hujjar da za a iya aunawa.

Kada ka yi wa fasahar Sin kuɗin goro

Mataki na biyu shi ne ka tambayi wane fanni ake nufi, domin babu wani abu guda da ake kira fasahar Sin wanda ko dai yana gaba ko yana baya. A wasu fannoni ta yi nisa ƙwarai. Hukumar makamashi ta duniya ta bayyana a 2022 cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na kowane mataki na ƙera farantan sola a Sin ake yin sa. Kamfanin CATL shi kaɗai yana samar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na baturan motocin lantarki na duniya. Layin dogo mai tsananin gudu, wanda aka buɗe na farkonsa tsakanin Bejin da Tianjin a 2008, ya haura kilomita 40,000, ya fi na sauran ƙasashen duniya a haɗe. A sararin samaniya, kumbon Chang'e 4 ne ya fara sauka a bayan wata a Janairun 2019, Chang'e 6 kuma ya ɗebo ƙasa daga can ya dawo da ita a Yunin 2024, abin da babu wanda ya taɓa yi.

A wasu fannonin kuwa tana baya, kuma Sinawa da kansu ba sa ɓoye hakan. Jirgin fasinja na C919, wanda ya fara jigila a Mayun 2023, yana tashi ne da injin kamfanin haɗin gwiwar Amurka da Faransa. Na'urar da ake zana mafi ƙanƙantar ƙwaƙwalen lantarki da ita, waɗanda ake kira cif, kamfanin ASML na Holan ne kaɗai ke ƙera ta a duniya, kuma an hana sayar wa Sin da ita. Lokacin da Huawei ya fitar da wayar Mate 60 Pro a Agustan 2023 ɗauke da cif mai awon nanomita 7 da aka ƙera a cikin gida, jaridun Yamma sun yi ta mamaki, domin an ɗauka takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba ya toshe wannan hanyar. Mamakin yana da dalili. Sai dai a watan da ya biyo baya Apple ya fitar da wayarsa mai cif ɗin nanomita 3 da aka ƙera a Taiwan, kuma a wannan awo ƙaramin adadi shi ne ya fi ci gaba. Wanda ya ba ka labarin farko kawai ya tsorata Bature, wanda ya ba ka na biyu kawai ya kwantar masa da hankali, kai kuwa kana buƙatar duka biyun.

Ka kuma bambance tsakanin gano sabon ilimi da mayar da shi kaya mai araha. Nau'in batirin da ya cika motocin Sin, mai sinadarin ƙarfe da fosfet, a Jami'ar Texas aka fara bayyana shi a shekarun 1990, amma a masana'antun Sin aka gyara shi har ya zama abin da talaka zai iya saye. Al'adar jami'o'in Yamma ta fi girmama wanda ya fara ganowa, shi ya sa sukan raina aikin na biyu, alhali kuwa aikin rage tsadar abu ninki goma ba tare da ya lalace ba yana cin basirar dubban injiniyoyi na tsawon shekaru.

Tambayi abin da aka ƙirga

A nan ne aka fi yaudarar mai karatu, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Idan aka ce Sin ta wuce Amurka, ka tsaya ka tambaya: a wane ma'auni? Ta yawan maƙalun bincike ta wuce ta tun wajejen 2016, bisa ƙididdigar hukumar kimiyya ta Amurka. Ta neman rajistar mallakar ƙirƙira a tsarin ƙasa da ƙasa ta karɓi matsayi na ɗaya a 2019 da buƙatu 58,990, Amurka kuma tana da 57,840, bayan Amurkar ta riƙe kambin tun 1978. Waɗannan alƙaluma gaskiya ne, amma yawa daban, nauyi daban. An daɗe jami'o'in Sin suna biyan malamai kuɗi kan kowace maƙala da suka buga, har sai da gwamnati ta hana a 2020, kuma an yi shekaru ƙananan hukumomi suna ba da tallafi ga duk wanda ya nemi rajistar ƙirƙira. Wannan ya haifar da kasuwar maƙalun jabu. A 2017 mujallar Tumor Biology ta janye maƙaloli 107 na marubuta Sinawa a lokaci guda saboda an yi maguɗi wajen tantance su.

Masu raini sukan tsaya a nan su ce ai duk tarin shara ne. Kada ka tsaya tare da su. Ma'aunin Nature Index, wanda ke ƙirga abin da aka buga a zaɓaɓɓun manyan mujallu kawai, ya nuna Sin ta wuce Amurka a jimillar fannonin kimiyya irin su sinadarai da fiziks a alƙaluman 2022, kuma a wannan shekarar wata cibiyar gwamnatin Japan ta ce ita ce ta ɗaya a maƙalun da masana suka fi kafa hujja da su. Jabun yana nan, nagartaccen ma yana nan, a cikin ƙasa mai mutum fiye da biliyan 1.4. Rahoton ASPI da na ambata a farko shi ma maƙalun da aka fi ambato ya ƙirga, don haka da ya ce Sin na gaba a fannoni 37, bai ce ta fi kowa ƙera kayan waɗannan fannoni ba, ko da yake haka kanun labarai da yawa suka fassara shi.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ranar 20 ga Janairun 2025 kamfanin DeepSeek na birnin Hangzhou ya saki manhajar ƙirƙirarriyar basira mai suna R1, wadda ta yi kafaɗa da kafaɗa da manyan manhajojin Amurka a gwaje-gwaje da dama. Mako guda bayan haka, a ranar 27 ga wata, darajar hannun jarin kamfanin Nvidia na Amurka, mai samar da cif ɗin da ake gina irin waɗannan manhajoji da su, ta faɗi da kusan dala biliyan 600 a yini ɗaya. Abin da ya tayar da hankalin kasuwa shi ne labarin cewa da ƙasa da dala miliyan 6 aka gina manhajar. Wanda ya koma ga takardar da kamfanin ya wallafa zai ga abu uku. Adadin dala miliyan 5.576 na wata manhajar ce da ta gabata mai suna V3. An same shi ne ta hanyar ninka awannin da na'urori 2,048 suka yi suna aiki da farashin haya na dala 2 a kowace awa. Takardar kuma ta faɗa ƙarara cewa ba a haɗa da kuɗin bincike da gwaje-gwajen da aka yi kafin horarwar ƙarshe ba, balle albashin ma'aikata ko kuɗin sayen na'urorin. Kamar mai gini ne ya faɗa maka kuɗin kwanon rufi, kai kuma ka tafi kana shelar cewa nan ne kuɗin gidan gaba ɗaya. Da masu gyara suka fito da wannan, sai wasu suka koma ɗaya gefen suna cewa duk ƙarya ce, alhali dabarun rage tsadar da injiniyoyin suka bayyana na gaske ne, kuma masana a ƙasashe da dama sun gwada su tunda an saki manhajar a buɗe. Darasin aiki a nan shi ne ka nemi takardar asali ko wanda ya karanta ta, ka ga abin da adadin ya ƙunsa da abin da ya bari a waje.

Rarrabe koyo da ciniki da sata

Zargin da ya fi yawo shi ne Sinawa kwaikwayo kawai suka iya, ko kuma sata suke yi. Idan ka ji shi, ka raba shi gida uku. Na farko koyo ne a fili: Shi Zhengrong ya yi digirinsa na uku a Sydney a hannun Martin Green, gwanin fasahar sola, sannan ya koma gida ya kafa Suntech a 2001, Pan Jianwei, wanda ya jagoranci tauraron ɗan'adam na Micius da aka harba a 2016, ɗalibin Anton Zeilinger ne a Ostiriya. Na biyu ciniki ne: a 2004 da 2005 Sin ta ba Kawasaki da Alstom da Bombardier da Siemens kwangilar jiragen ƙasa bisa sharaɗin su miƙa fasaharsu ga kamfanonin gida. Sun sa hannu don kwaɗayin kasuwa, daga baya wasunsu suka yi ƙorafi da suka ga ɗalibin ya zama abokin gogayya. Ana iya cewa sharaɗin ya yi tsauri, amma da ido buɗe aka karɓe shi.

Na uku sata ce ta gaske, kuma an kama wasu dumu-dumu. A 2011 an tarar da Mo Hailong a gonar gwaji a jihar Iowa yana tonon irin masara, aka ɗaure shi shekara 3 a 2016. A 2018 kotun Amurka ta samu kamfanin Sinovel da laifin satar manhajar injin samar da lantarki daga iska. A 2022 an yanke wa Xu Yanjun, jami'in leƙen asirin Sin, ɗaurin shekara 20 kan yunƙurin sace sirrin injin jirgin sama. Duk wanda ya musanta waɗannan ba ya son gaskiya.

Abin da za ka kula da shi shi ne yadda ake faɗaɗa laifin mutum ɗaya ya rufe al'umma. An kama Farfesa Xi Xiaoxing na Jami'ar Temple a 2015, aka janye tuhumar bayan 'yan watanni da masana suka nuna cewa zanen da ya aika ba na na'urar da ake zargi ba ne. An kama Gang Chen na Jami'ar MIT a Janairun 2021, aka janye ƙarar bayan shekara guda, kuma a Fabrairun 2022 ma'aikatar shari'ar Amurka ta rufe shirin farautar waɗanda ake zargi da kai wa Sin sirrin fasaha da ta fara a 2018. Wannan ma yana da tarihi mai ciwo: Qian Xuesen, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa cibiyar binciken roka ta JPL a Kalifoniya, an zarge shi da gurguzu a 1950, aka tsare motsinsa shekara 5, ya koma Sin a 1955 ya zama uban shirin makamai masu linzami da na sararin samaniyar ƙasar. Saboda haka idan ka karanta labarin kame, ka bibiyi yadda shari'ar ta ƙare, domin ranar kame ake buga ganga, ranar sallama kuwa da wuya ka ji ko kalangu.

Ka riƙe tarihi a zuciyarka kuma. A 1712 wani limamin Faransa, d'Entrecolles, ya rubuto wa Turai sirrin yin tangaran daga garin Jingdezhen. A 1848 Robert Fortune ya shiga cikin Sin sanye da tufafin Sinawa, ya fitar da tsiron shayi zuwa Indiya don kamfanin Birtaniya. Samuel Slater ya haddace tsarin injin kaɗi na Ingila ya tsallaka da shi Amurka a 1789. Dokar da Birtaniya ta yi a 1887 ta tilasta rubuta ƙasar asali a kan kaya an yi ta ne musamman don a gane kayan Jamus da ake ganin kwaikwayo ne marar inganci, Japan ma ta sha irin wannan suna a shekarun 1950. Wannan ba ya halatta satar yau, amma yana hana ka yarda cewa kwaikwayo ɗabi'ar wata al'umma ce ita kaɗai.

Duba mai magana da ranar maganar

Wannan mataki gajere ne amma ba a tsallake shi. Cibiyar ASPI gwamnatin Ostireliya ce ta kafa ta a 2001, tana samun kuɗi daga ma'aikatar tsaro da wasu gwamnatocin waje da kamfanonin makamai. Hakan bai mayar da alƙalumanta ƙarya ba, amma ya gaya maka irin tambayar da za ta fi son yi. Kamfanin da ke neman tallafin gwamnati yana da riba idan ya kambama barazanar Sin, wanda ke lallashin masu hannun jari kuma yana da riba idan ya raina ta. Haka za ka yi wa kafofin gwamnatin Sin, waɗanda aikinsu ne tallata nasara da rufe aibu. A 2006 ne aka gano cewa cif ɗin Hanxin da aka yi ta alfahari da shi a Shanghai na wani kamfanin Amurka ne aka goge sunansa. Ka duba shekarar da aka yi maganar ma, domin abin da yake daidai a da yana iya tsufa: a 2011 Elon Musk, shugaban kamfanin motoci na Tesla, ya yi dariya a talabijin da aka tambaye shi game da motocin kamfanin BYD na Sin, a watanni ukun ƙarshe na 2023 kuma BYD ya fi Tesla sayar da motoci masu aiki da batir zalla.

Kada ka zubar da suka mai tushe

Akwai haɗarin da ke jiran wanda ya gano son zuciyar Turawa, wato ya ɗauka duk abin da suka faɗa ƙage ne. Wasu daga cikin sukar suna tsaye da ƙafafunsu. A Nuwamban 2018 He Jiankui ya sanar da cewa ya sauya ƙwayoyin gadon wasu tagwaye tun kafin a dasa su a mahaifa, abin da ya keta ƙa'idar bincike ko'ina a duniya. A ranar 11 ga Janairun 2020 Zhang Yongzhen ya saki tsarin ƙwayar cutar korona ga duniya, wanda ya ba masu haɗa rigakafi damar fara aiki nan take, washegari kuma hukuma ta rufe ɗakin bincikensa da sunan gyara. Likita Li Wenliang, wanda 'yan sanda suka ja wa kunne kan gargaɗin da ya yi wa abokan aikinsa, cutar ce ta kashe shi a Fabrairun 2020. Amfani da na'urorin gane fuska wajen sa ido kan Musulmin Uighur a Xinjiang ma batu ne da ke da hujjoji masu yawa, kuma bai kamata Musulmi ya kawar da kai daga gare shi ba don kawai daga bakin Amurka ya fara jin sa.

Abin da zan roƙe ka a nan shi ne ka raba masanin da hukumar da ke kansa. Masana Sinawa fiye da 120 ne suka sa hannu kan takardar yin tir da He Jiankui cikin kwanakin farko, kotun Sin kuma ta ɗaure shi shekara 3. Zhang Yongzhen Basine ne, waɗanda suka rufe masa ɗakin bincike ma Sinawa ne. Rahoton da ya haɗa su a jimla ɗaya da sunan Sin ya zalunci ɗayansu.

Gwada labarin da abin da ke hannunka

Gani ya kori ji, kuma mu muna da abin gani. A bakinmu kalmar ɗan China ta daɗe tana nufin kayan da ba ya ƙarko, saboda an yi shekaru 'yan kasuwa suna zuwa Guangzhou suna yin odar mafi arahar daraja don ita ce aljihun masu saye zai ɗauka. Ka je teburin mai gyaran waya a Farm Centre a Kano ka tsaya ka kalli abin da ke gabansa: Tecno da itel da Infinix, duka na kamfanin Transsion na Shenzhen, wanda ya ci kasuwar Afirka da waya mai layi biyu ko fiye, da batir mai jure rashin wuta, da kyamarar da aka daidaita don ta fito da baƙar fata da kyau. A gefensu za ka ga iPhone, wadda aka daɗe ana harhaɗa mafi yawanta a Sin. Masana'antun ƙasa ɗaya ne ke fitar da cajar da ke ƙonewa cikin mako da wayar da ta fi kowace tsada, abin da aka biya shi ake ƙerawa. Tauraron NigComSat-1 da Sin ta ƙera wa Najeriya ta harba a Mayun 2007 ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar farantan solarsa, wanda ya maye gurbinsa kuma, da aka harba a Disamban 2011, ya shafe shekaru fiye da goma yana aiki. Wanda ke son raini zai ambaci na farko ya yi shiru, wanda ke son talla zai ambaci na biyu.

Gwajin da ya fi kusa da zuciyata shi ne na fakitin maganin zazzaɓi, mai ƙwayoyi rawaya 24 da babba ke sha cikin kwana 3. Tushensa wani shiri ne na sirri da Sin ta ƙaddamar a ranar 23 ga Mayun 1967 don neman maganin zazzaɓin da ya daina jin kulorokwin. Tu Youyou da abokan aikinta sun yi ta gwada wani tsiro, ɗan dangin wanda muke kira tazargade, sakamakon yana fitowa yau ya ɓace gobe. Sai ta koma ga littafin likita Ge Hong na ƙarni na 4, ta ga ya ce a jiƙa tsiron a ruwa a matse a sha, bai ce a tafasa ba. Daga nan ta fahimci cewa zafi ne ke kashe sinadarin, ta sauya zuwa hanyar tatsa mai ƙarancin zafi, gwaji na 191 ya yi nasara a 1971, ta kuma sha maganin da kanta kafin a ba marasa lafiya. An bayyana sakamakon da Turanci a 1979, amma Yamma ta karɓe shi da shakka da jan ƙafa, sai a 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da haɗin magungunan da ke ɗauke da wannan sinadari, a cikin waɗannan shekarun kuwa zazzaɓi yana ta ɗibar yaran Afirka. Wani ɓangare na jinkirin ya samo asali daga rufa-rufar hukumomin Sin da kuma rashin cika ƙa'idojin gwaji na duniya a farko, wani ɓangaren kuma daga rashin yardar cewa abu mai daraja zai fito daga can. Tu Youyou ta karɓi kyautar Nobel a 2015, kuma har yanzu ita kaɗai ce ta samu Nobel ta kimiyya kan aikin da aka yi a cikin Jamhuriyar Jama'ar Sin.

Wajibi ne in ƙara gargaɗi a nan, domin wasu kan ɗauki wannan labarin hujjar shan jiƙon tazargade maimakon zuwa asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda da amfani da ganyen ko shayinsa wajen maganin zazzaɓin cizon sauro ba, saboda adadin sinadarin da ke cikinsa ba ya da tabbas, kuma shan abin da bai kai awo ba yana iya koya wa ƙwayar cutar jure maganin. Abin da Tu Youyou ta yi shi ne ta ɗauki maganar magabata ta kai ta ɗakin gwaji, ta auna, ta maimaita, har ta ware sinadarin da ke aiki. Idan yaro ya yi zazzaɓi a yi masa gwajin jini, in an tabbatar da cutar a ba shi haɗin maganin bisa nauyinsa, ya kuma shanye shi har ƙarshen kwana ukun ko da jikinsa ya yi sanyi tun ranar farko.